Marowaci a Gaban Ƙamus

Mai shagon littattafai tana kallonsa ta saman tabarau. Dattijo ne mai agogon zinare, amma takalminsa ya sha ɗinki har ba a gane asalin fatar. Ya kusa rabin awa yana tsaye da ƙamus na Turanci, yana lasar yatsa yana buɗe shafi, ko farashin bai tambaya ba.

"Baba, saye za a yi?"

"Kalma ɗaya nake nema, 'yata. Jikata ce ta rubuto min a waya, wai ni stingy ne."

Ta san ma'anar, amma ta bar shi ya gani da idonsa. Yatsan ya tsaya, fuska ta murtuke: marowaci. Bai haƙura ba, yana ta laluben shafuka kamar mai neman lauya, har ya dace da wadda ta yi masa daɗi.

"Yauwa! Frugal, mai tattali. Yaran yanzu ba su iya Turanci ba."

A ranta tana hango gidansa: ƙwan fitila ɗaya tak, sabulu a kulle cikin akwati, iyali suna wanka da kumfar jiya. Tattali kuwa! Wannan ai hannun jarirai ne, sai an ɓamɓare.

Ya mayar da ƙamus, ya matso yana murmushi.

"Ara min wayarki in tura mata, kada in ƙona katina."

"Ayya Baba," in ji ta, "ni ma frugal ce."