Ranar da Baba Ya Kai Ruwa Kotu

Baba ƙanin mahaifina ne. Shekara ashirin ya yi yana planto, wato masinja, a wata kotu a Maraɗi, kafin 'ya'yansa su ɗauko shi zuwa Greensboro a Amurka. Zaman cikin gari ya gagare shi, sai suka sama masa ɗan gida a McLeansville, mai rijiyar burtsatse a baya. Ita ake sha, da ita ake girki, kuma duk Asabar jikokinsa uku can suke wuni.

Wata bazara ruwan ya fara warin kananzir. Ni na fara faɗa masa, ya ce turaren kanti ne ya kashe mini hanci. Sai da maƙwabcinsa Bature ya ce shi ma haka nasa yake, kuma yana zargin wani garejin manyan motoci da ke kan tudu, sannan Baba ya kira ni.

"'Yata, gobe ki zo ki kai ni kotun tsarin mulki."

Na ce wace ce kuma wannan? Ya ce a gida an rubuta cikin kundin tsarin mulki cewa kowa na da haƙƙin zama a muhalli mai tsabta, kuma akwai kotu guda da aikinta ke nan, tsaron kundin. "In Nijar ta rubuta, ina ga Amurka?" Na so in yi gardama, amma me na sani, ni da ke jera kwalaye a sito?

Da safe na same shi cikin babbar riga, ya cika kwalba da ruwan ya naɗe ta da ƙyalle. Ya ce haka ake yi. Manomin da shanu suka ci wa gona, da karan geron yake zuwa ya dire a gaban alƙali, hujja ba ta zama a gida.

A ƙofar kotu mai gadi ya karɓe kwalbar cikin ladabi, ya ce ba a shiga da ita. Baba ya bi ta da ido har aka ajiye. A ciki wata ma'aikaciya ta saurare mu tsaf, ta ce nan ƙasar babu kotu ta daban mai wannan suna, kuma alƙali ba ya duba magana sai an shigar da ƙara. Ta rubuta mana inda ofishin lafiya yake, ta ce su za su gwada ruwan.

"Ke ce ba ki fassara daidai ba," in ji Baba.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce, "Haba Baba! To ka fassara da kanka mana." Har yau ina jin kunyar wannan maganar. Ya gyara hularsa muka fito.

Daga baya wani lauya ya yi mana bayani: dokokin kare ruwa suna nan, kotuna na tsaya musu, amma wancan haƙƙin da Baba ya haddace ba a rubuta shi a kundin ƙasar ba, kuma shari'a irin wannan sai a shekara ana yi. Baba ya ce ya ji.

Bayan sati uku takardar gwajin ta iso daga ofishin lafiya. Na zauna a gabansa ina karantawa da Hausa, layi-layi, a hankali. Kada a sha, kada a yi girki, kada a yi wa yara wanka.

Da na kai ƙarshe, sai ya tambaye ni.

"Sun rubuta tun yaushe ruwan ya fara ɓaci?"

Na duba gaba da baya. Na ce ba su rubuta ba, ƙila su ma ba su sani ba.

"Ƙaramar jikar nan tawa, da hannuna nake dama mata koko da shi," ya ce. "Tun ba ta iya zama ba. Sake dubawa, 'yata."

Na sake dubawa. Babu.