Ranar da Tantan Ta Tare a Gonar Malam Garba

Har yau ban manta da ranar da Alhaji Sale ya bugo waya ofishinmu yana cewa mu zo mu fitar masa da tarakta daga gonar Malam Garba kafin a yi abin kunya ba. Ku da kuka kama aiki bana ba ku san shi ba. Shi ne ciyaman na wata ƙungiyar manoma a wani ƙauye gaba da Ɗambatta kaɗan, mu kuma mu muka gina musu shafin da suke neman tarakta da shi. A lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a ƙarƙashin Injiniya Kabiru, shugaban sashenmu na masu aikin sabar.

Saboda waɗanda ba 'yan sashen ba, bari in yi ɗan bayani. Idan ka buɗe shafi a wayarka ka danna maɓalli, wayar aike kawai take yi. Wadda ke karɓar saƙon ta yanke hukunci ta adana shi wata kwamfuta ce can nesa, ita ce sabar. Aikinmu shi ne rubuta mata abin da za ta yi. Kuma ba kullum muke farawa daga tushe ba. Muna da guntayen manhaja da muka rubuta tuntuni muka ajiye: na shiga da kalmar sirri, na aika saƙon waya, na kama rana. In sabon aiki ya zo sai mu ɗauko mu harhaɗa, mu gyara inda ya kamata.

Matsalar ƙungiyar Alhaji Sale guda ɗaya ce. Tarakta ɗaya gare su, wadda mutanen garin ke kira tantan, manoma kuwa ga su nan birjik. Da ruwan shuka ya sauka kowa so yake a fara da gonarsa, kuma duk wanda aka fara da shi sai a ce ɗan gidan ciyaman ne. Alhaji Sale ya gaji da zargi. Ya ce a yi masa na'urar da ba ta san kowa ba: wanda ya riga dannawa shi ke da ranar farko, na biye ya sami ta biye.

Injiniya Kabiru ya ce wannan ai aikin sati ne. Muna da guntun kama rana da muka yi wa wani ɗakin taron biki a cikin birni, ya daɗe yana aiki ba a taɓa kawo ƙararsa ba. Injiniya yana ji da shi ƙwarai, don da hannunsa ya rubuta shi. Muka ɗauko shi, inda aka rubuta ɗakin taro muka sa tarakta. Abu ɗaya muka cire, wato matakin biya, domin 'yan ƙungiyar sai da kaka suke biyan aikin tantan. Muka gwada a ofis, inda sabis ke gudu kamar ruwan famfo, komai ya tafi daidai.

Ranar da muka miƙa aikin, Alhaji Sale ya kira direban tantan, wani matashi mai suna Sabi'u, ya ja masa kunne a gabanmu.

"Daga yau ba ka da ubangida sai wayar nan. Gonar da ta nuna maka, can za ka. Ko ni na ce ka canza, kada ka ji."

Sabi'u ya ce, "Ko kai, Alhaji?"

"Ko ni!"

Ruwan shuka ya sauka, aka buɗe shafi. Bayan 'yan kwanaki sai ga waccan wayar. Da na duba daga ofis, sai na ga sunan Malam Garba ya cinye kusan sati guda na tantan, rana bayan rana, alhali gonarsa ba ta kai aikin wuni ɗaya ba. Na nuna wa Injiniya. Ya leƙa ya ce ai a bayyane take, mutumin ne ya yi ta kama rana don son zuciya, manhaja abin da aka ce mata ta yi. Amma tunda ciyaman ya rantse zai soke kwangila, sai muka shiga motar Ɗambatta, daga can 'yan acaɓa suka ƙarasa da mu.

Tun daga nesa muka hango taro a bakin gona. Ga tantan a tsaye tana ƙugi, Sabi'u a kanta. A gabanta kuwa, daidai ƙasan hancinta, wani dattijo siriri ya shimfiɗa buzu ya zauna ya harɗe ƙafa, butarsa a gefe, yana jan carbi. Shi ne Malam Garba.

Alhaji Sale ya tarbe mu, muna tafiya zuwa wurin yana ba mu labarin yadda aka yi. Ranar farko Sabi'u ya zo ya yi haro, wato ya farfasa ƙasa, Malam Garba ya yi godiya. Kashegari ya sake dawowa ya yi huɗa. Malam Garba ya ɗauka alheri ne na ƙungiya, har ya aika gida aka kawo wa direba fura, da yamma kuma ya fito da iyalinsa suka shuka gero. Da safiyar rana ta uku sai ya ji ƙugin tantan ta nufo gonar. Ya fito da gudu ba takalmi, kada ta tone masa shuka. Tun ranar kullum haka suke: Sabi'u ya zo da sassafe ya tsaya, Malam Garba ya shimfiɗa buzu, su wuni suna kallon juna.

Na ce, "Alhaji, me ya hana ka ce masa ya tafi wata gonar?"

"Na ce! Ya ce ni na ce ko ni na ce kada ya ji."

Abin dariya ne, amma da muka ƙarasa sai na ga ba kowa ke dariya ba. Ƙasa ta fara shan iska. Masu jiran tantan suna kallon laima na tafiya, wasu har sun haƙura sun koma neman shanun huɗa, waɗanda su ma an riga an kame su. Kuma duk haushin a kan Malam Garba ya sauka. Wani ya ce ya ba ciyaman wani abu a ɓoye. Wani ya ce 'yarsa da ke aiki a Kano ce ta san mutanen kwamfuta. Mutumin da ya tsufa a garin ba a taɓa jin kansa da kowa ba, ga shi yana gaida mutane a ƙofar masallaci suna amsawa da ka.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya dube ni ya ce, "'Yata, ku ne masu na'urar?"

Na ce, "Mu ne, Baba."

"To don girman Allah ku ce mata na gode, ya isa haka."

Injiniya Kabiru ya gyara tsayuwa ya ce, "Baba, a yi haƙuri, amma na'ura ba ta ba mutum abin da bai nema ba. Kai ka nemi kwanakin nan."

"Ni? Wallahi rana ɗaya na nema. Me zan yi da sati? Gonar da in na tsaya a wannan gefe na yi tari ana ji a wancan?"

Sai na roƙe shi ya nuna mana yadda ya yi, daga farko. Ya ce a nan ba za ta yiwu ba, sai an je tudun bayan makarantar firamare, nan kaɗai sabis ke kamawa. Amma ba zai tashi daga buzun ba sai Sabi'u ya kashe tantan ya sauko ya wuce gaba. Haka muka ɗunguma, direba a gaba, dattijo na biye da shi yana sa masa ido, mu da sauran gari a baya.

A kan tudun ya ciro wayar da 'yarsa ta aiko masa, ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya ɗan karkata. Da ƙyar shafin ya buɗe. Ya nuna mana maɓallin ba tare da ya taɓa ba, ya ce, "Nan na danna. Shiru. Na jira, na sake dannawa. Shiru. Na ce ko yatsana ne ya bushe, na lasa na danna. Na goge fuskar wayar da bakin riga na danna. Can dai ta ce an karɓa, na yi hamdala na tafi gida."

Nan take na gane. Kowace dannawa ta isa sabar. Amsar ce ke makalewa a hanya. Ita kuwa sabar duk saƙon da ya zo sabon mutum take ɗaukarsa, ta ba shi rana ta gaba. A ɗakin biki hakan bai taɓa faruwa ba, saboda sabis na birni ba ya sa mutum jira, kuma ko ka danna sau biyu sai ka biya sau biyu kafin a ba ka rana. Matakin biyan da muka cire, ashe shi ke tare ƙofar ba mu sani ba.

Na matsa kusa da Injiniya na faɗa masa a hankali. Ya girgiza kai.

"Bilkisu, manhajar nan ni na rubuta ta. Baba, kawo wayar in nuna maka yadda ake yi."

Ya karɓa, ya juya ga jama'a kamar mai ba da lacca. "Ku duba da kyau. Sau ɗaya ake dannawa. Ɗaya tak." Ya danna. Wayar ta yi shiru, 'yar da'irar nan ta jira na ta juyawa. Ya ci gaba da bayani a kan muhimmancin haƙuri, yana magana yana satar kallon wayar. Da'ira na juyawa. Ya ɗaga ta sama. Ya juya gabas kamar yadda dattijon ya yi. Sannan, a gaban idona, yana tsakiyar cewa mutanenmu ba su da juriya, babban yatsansa ya sake sauka a kan maɓallin.

Ba a jima ba wayar Sabi'u ta yi ƙara a aljihu. Ta sake yi. Ya ciro ya duba, ya ce, "Baba Garba, an ƙara maka Litinin da Talata."

Malam Garba ya ɗora hannu biyu a ka. "Innalillahi! Na kawo ƙara an ƙara min!"

Tudun nan ya kaure da dariya. Alhaji Sale har da zama a ƙasa yana share hawaye da hula. Waɗanda ɗazu ke harararsa suka shiga ba dattijon hannu. Injiniya Kabiru ya tsaya da waya a hannu, ya dube ta, ya dube ni, sannan shi ma ya fashe da dariya ya ce, "To, Bilkisu, buɗe kwamfutarki."

A kan tudun na zauna na goge kwanakin da suka maimaitu, layi ya matso, wayar Sabi'u ta nuna masa sabuwar gona. Sai da ya karanta sunan da ƙarfi kowa ya ji, sannan ya yarda ya tafi. Ragowar satin tun asuba yake fita sai magariba, aka ceto mafi yawan gonakin. Wasu dai sun yi shuka a makare, kuma wannan ba abin da za mu iya gogewa da kwamfuta ba ne.

Gyara na gaskiya a ofis muka yi shi. Yanzu duk lokacin da mutum ya buɗe shafin, sabar na ba shi wata lamba a ɓoye wadda sau ɗaya take aiki. In saƙo ya zo da lambar da ta riga ta gani, ba ta sake kama rana, sai ta maimaita masa amsar farko. A rumbun bayanai kuma muka kafa doka cewa gona ɗaya ba ta riƙe rana biyu a lokaci guda, ko da wani ya zo gaba ya ɓata manhajar. Maɓallin ma da an taɓa shi yake dusashewa ya rubuta "An ji, a ɗan jira." Wannan guntun shi ne kuke sakawa yau a kowane aiki ba ku tambayi asalinsa ba. Tun daga lokacin kuma ba ma miƙa aiki sai mun rage gudun sabis da gangan mun gwada shi a haka, kuma in za mu cire wani mataki daga tsohuwar manhaja sai mun zauna mun tambayi kanmu me yake tarewa.

Amma abin da ya fi zauna mini ba gyaran ba ne. Kafin mu baro garin, Injiniya ya tambayi Malam Garba me za mu yi masa na ban haƙuri. Ya ce ba ya son komai, illa a je inda aka ɓata shi a wanke shi. Saboda haka bayan sallar la'asar Injiniya Kabiru, da takalminsa a hannu, ya tsaya a ƙofar masallaci ya gaya wa jama'a cewa dattijon nan rana ɗaya ya nema, kuskuren daga wurinmu yake. A nan na fahimci cewa layin manhajar da muke rubutawa a ofis cikin sanyin fanka, can a wani gari sunan mutum ne da abincin shekararsa. Mutane kuma ba sa danna maɓalli yadda muka tsara a takarda. Suna dannawa ne yadda duk mai jira yake yi, har da wanda ya rubuta manhajar.

Da muka zo hawa acaɓa, Malam Garba ya rako mu da buzunsa a hammata. Ya ce da ni, "'Yata, ban san aikinku ba. Amma mu nan in ka yi sallama a ƙofar gida aka yi shiru, sake yi kake. Ku dai koya wa abar nan taku ta riƙa amsawa."