Ranar da Taɓo Ya Riƙe Harm

A ƙauyen su Harm Bultena, can gaɓar Groningen inda ganuwa ta raba gonakin dankali da teku, idan abinci ya yi daɗi ana cewa ba laifi. Ranar aurensa da Hilke an tambaye shi yadda ya ga amarya, ya ce ba laifi. Hilke ta ji daɗin maganar ƙwarai, har yanzu tana ba da labarinta.

Cikin irin waɗannan mutane ya tashi, ya kuma fi su. Ubansa masunci ne, shi ya fara shiga da shi taɓo tun bai iya ɗaura igiyar takalmi ba. Teku a nan takan janye ta bar fili baƙi mai sheƙi har iyakar gani, sannan ta dawo ba sallama. Da Harm ya girma ya samu aiki a gidan injin da ke kwashe ruwa daga gonaki, a nan ya yi furfura. Amma ba da wannan aka san shi ba. Ranakun hutu shi ke ja-gorar baƙi, 'yan birni masu sababbin takalma, ya ratsa da su ta cikin taɓo har wani tsibiri da ke can gaba idan ruwa ya janye. Ya ciro mutane da yawa daga laka, wasu ta hannu, wasu ta wuyan riga, kowa kuma sai ya sha faɗa kafin ya sha kofi. Shi dai ba a taɓa ciro shi ba. Ba shi da gona, ba shi da jirgi, 'ya'yansa sun koma birni. Bayan Hilke da keke, abin da ya mallaka a duniya wannan suna ne, yana kuwa tattalinsa kamar ƙwai.

Ba ya roƙo, ba ya son a yi masa tayi. Shekarar da ya karye a hannu, da keke ya tafi gidan likita, hannu ɗaya a kan kan-keke ɗaya a ƙirji, ya wuce motocin maƙwabta uku. Wanda ya tsaya ya ce masa ya shigo, sai da suka yi wata biyu ba sa gaisawa. Tun daga nan mutane suka koyi barinsa.

Da ya haura saba'in ya daina kai baƙi, gwiwa ta fara gardama. Aiki ɗaya ya ƙi saki. Duk shekara idan sanyi ya wuce, shi ke shiga ya kakkafa rassan itace a taɓo don nuna hanya, saboda koramu suna sauya wuri a lokacin guguwa. Babu wanda ya sa shi, babu kuma wanda ya isa ya hana shi.

Wata Talata da rana ya jingina keke a gindin ganuwa, ya saka dogon takalmin robarsa mai kaiwa ƙirji, ya saɓa damin rassa. A saman ganuwa akwai benci, a kan bencin akwai Ebel da Siemen, kamar kullum. Tare suka yi makaranta da shi. Ebel tsohon mahauci ne mai faɗin baki, Siemen kuma ba ya rabuwa da madubin hangen nesa da filas ɗin kofi.

"Sarkin laka ya fito," in ji Ebel. "Ka gaishe mana da tsutsotsi."

"Za su tambayi lafiyarka, ai kai suke jira," in ji Harm, ya gangara.

Ya kafa rassa har ya kusa gama damin. A bakin wata korama da ya sani tun yana yaro ya taka inda ya saba takawa, ƙafar dama ta tafi har gwiwa. Ya danna ta hagu don ya zaro ta, ita ma ta bi 'yar'uwarta. Bai tsorata ba. Ya san abin yi, shi da ya koya wa ɗaruruwa: ka kwanta, ka baje nauyinka, ka zare ƙafa a hankali. Sai ya waiga ya hango kawuna biyu a kan benci da ƙyallin madubin Siemen. Kwanciya a laka a gaban Ebel? Ya ce a ransa bari ya fara gwadawa a tsaye.

Ya gwada a tsaye, ya nutse har cinya.

Wayarsa tana aljihun ƙirji. Ya ciro ta, ya dube ta. Idan ya kira, jirgin ceto ne zai zo, a cikinsa kuma yaran da shi ya koya musu taɓo, har da ɗan Ebel. Kafin yamma labari ya kai tsibiri. Ya mayar da wayar, ya ƙara yunƙurawa. Da ya sake ciro ta yatsunsa sun ƙage don sanyi, ta suɓuce, laka ta karɓa ba godiya. A daidai lokacin ya ga koramar ta fara gudu baya. Ruwa yana dawowa.

Yanzu ya yarda zai kwanta, amma taɓon ya kai ƙugu, ba damar lanƙwasawa. Ya buɗe baki zai yi kira, abin da ya fito bai fi tari ba. Ya rufe bakin. Ya kafa reshen da ya rage a gefensa, wai don mai kallo ya ga aiki yake yi.

A kan benci, Ebel ya karɓi madubi ya duba.

"Kamar mutumin ya gajarta."

"Tsugunawa ya yi," in ji Siemen.

"Ya daɗe a tsugune."

"To je ka tambaye shi mana."

Ebel ya mayar da madubin.

Ana cikin haka wata farar mota mai tsani a bisa ta tsaya a gindin ganuwa. Wata mata ta fito, gajera mai ƙiba, rigar aikinta duk ɗigon fenti. Mai fenti ce daga kudu, ta ɓata hanyar wata gona, ta hau don ta tambaya. Tana tambaya idonta ya sauka kan fili.

"Baba, wancan mutumin lafiya yake?"

"Harm ne," in ji Ebel.

Ta jira ƙarin bayani, ba a yi ba.

"Ruwa fa yana zagaye shi."

"Baiwar Allah, Harm ne. Ruwan ma ya san shi."

Ita dai ba ta san shi ba. Ta gangara da gudu, ta kwance tsanin, ta jawo shi ta haye ganuwa da shi tana haki, ta shiga taɓo da takalman aikinta. Ta bi layin rassan da ya kafa, tana faɗuwa tana tashi. Inda ƙasa ta yi laushi ta kwantar da tsanin, ta hau da rarrafe, ta sauka, ta tura shi gaba. Lokacin da bakin tsanin ya taɓa cikin Harm, ruwa ya rufe lakar, yana lasar haƙarƙarinsa.

"Sannu Baba. Kwanto a kan wannan."

"'Yar nan, wa ya aiko ki? Wurin nan ba na baƙi ba ne."

"Na gani, na 'yan gari ne. Kwance igiyoyin kafaɗa na takalmin."

"Takalmin nan ya girme ki."

"To a bar shi a nan ya huta. Kwance."

Ya kwance. Ya kifa ƙirji a kan tsani, ta kama shi ta ƙarƙashin hammata, tana ja yana murɗawa. Da ƙyar ƙafa ɗaya ta zare, sannan ɗayar, da wata ƙara mai kama da atishawar saniya. Taɓo ya riƙe takalmi, ya haɗa da wando da safa, bai bar masa komai ba sai dogon wandon ciki na ulu wanda Hilke ta yi wa faci a baya da shuɗin ƙyalle.

Komawa ta fi zuwa wuya, don ruwa ya shafe sawu. A nan Harm ya yi amfani. Haƙoransa na kaɗawa yake cewa hagu, kar ki taka nan, bi inda kodi suka yi yawa. Ita tana jan tsani da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da shi. Sau biyu gwiwarsa ta ƙi, sau biyu ta ɗaga shi.

A gindin ganuwa suka tarar da Ebel da Siemen sun sauko, laka har idon sawu. Iyakar inda suka iya zuwa ke nan. Siemen ya cire kwat ya yafa wa Harm, yana kallon gefe. Ebel ya dubi ƙafafun nan farare, ya dubi facin, a karo na farko a rayuwarsa bai yi tsokana ba. Ya gyara murya.

"Ai mun gaya mata aikinka kake yi. Ko ba ta je ba da ka fito, ko Harm?"

Ƙofa ce aka buɗe masa, mai faɗi. Matar tana tsaye a gefe, jiƙe sharkaf, takalminta ɗaya babu, tafin hannunta ya yanke yana jini. Harm ya dubi ƙasa.

"Eh," ya ce. "Da na fito."

Ta dube shi, ba da fushi ba. Ta gyaɗa kai kamar wadda aka gaya wa farashin da ta riga ta sani. Ta sha kofin da Siemen ya miƙa mata, ta ɗaure tsaninta, ta sake tambayar hanyar gonar, ta tafi.

Hilke ba ta tambaye shi komai ba da ya shigo da kwat ɗin wani. Ta tara masa ruwan zafi, ta ɗumama miyar wake, ta zauna tana kallonsa yana juya cokali. Da kansa ya ba ta labari, a gutsure, yana tsallake wurare. Shekara arba'in da ɗoriya tana cike masa wuraren da yake tsallakewa.

"Me ka ce mata?"

"Na nuna mata hanyar fita."

"Ban da wannan."

Ya ajiye cokalin. Sannan ya faɗa mata abin da ya ce a gaban Ebel.

Hilke ta tashi ta ɗauke kwanon. "Yarinyar mutane ta shiga teku don kada in kwana ni kaɗai," ta ce. "Ba laifi, Harm."

Bai taɓa jin kalmar ta yi masa zafi haka ba.

Kwanaki ya ƙi fita. Ya gyara ƙofar rumbu da ba ta lalace ba, ya wanke keke. Labarin da ke yawo a gari ya riske shi har gida ta bakin mai burodi da ke kawo musu, kuma labari ne mai daɗi: wata baƙuwa mai shisshigi ta tsorata, ta faɗa taɓo da tsani, Harm ya fito da ita har ya yi asarar takalminsa. Mai burodi ya ƙara masa guda ɗaya kyauta. Sunansa ya fita daga laka tsaf, har ya fi da kyau. Burodin nan ya kasa cinsa. Duk inda ya juya sai ya ga wannan gyaɗa kai, da ƙafa ɗaya ba takalmi tana taka birki.

Ranar Asabar ya hau ganuwa da kwat ɗin Siemen a ninke. Ebel da Siemen suka ba shi wuri a benci, ya zauna a tsakiya. Ruwa ya cika, kan rassansa ne kawai ke leƙowa. Aka daɗe ana kallonsu.

"Da ban fito ba," in ji Harm.

Babu wanda ya juyo.

"Na ce da ban fito ba. Taɓo ya kai mini ƙugu, waya ta faɗi. Da matar nan ba ta ɓata hanya ba, da yau kuna neman baƙar rigar zuwa jana'iza. Ka gaya wa mai burodi haka, Ebel, tunda kai ne rediyonsa."

Ebel ya cire hula, ya leƙa cikinta kamar ya ajiye wani abu a can.

"Mun sani," in ji Siemen a hankali.

"Kun san me?"

"Madubin nan yana gani da kyau, Harm. Na ga lokacin da wayar ta faɗi." Ya ajiye madubin a cinya. "Na ce Ebel ya kira, ya ce ni in kira. Kowa yana cewa a ƙara ba ka ɗan lokaci. Tsoron fushinka muke yi. Ka ji tsofaffin banza."

"Ni na ce a ƙara lokacin," in ji Ebel, muryarsa ba ta mahauci ba. "Ɗana yana jirgin ceto, lambar wayarsa tana hannuna."

Harm ya so ya yi faɗa, ya laluba bai samu inda zai kama ba. Shi ya koya musu tsoron nan, shekara da shekaru, da haƙuri. Suka zauna su uku, kunnuwa jajur, kowa yana kallon nasa yankin teku.

"Wai yaya sunanta?" in ji Ebel can.

Babu wanda ya sani. Babu wanda ya tambaya. Siemen ya tuna gonar da ta nema, tana bayan ƙauye na gaba, kusa da tsohon coci. Ko ta gama aikin ta koma kudu, masu gonar za su san inda take.

Harm ya miƙe, gwiwa ta yi ƙara. Bai gayyaci kowa ba, amma da ya hau keke ya ji biyu a bayansa. Iska tana gabansu, suna tafiya a hankali, a jere, kamar masu rakiyar gawa.

"Idan mun same ta wa zai yi magana?" in ji Siemen.

"Harm mana, shi aka ciro."

"Ni zan fara," in ji Harm, bai waigo ba. "Amma ku ma kuna da naku."

Suka wuce kwanar farko. Can Ebel ya ce ko ya kamata a tafi mata da takalmi, sai dai ba a san lambar ƙafarta ba.