Shekarar da Aka Yi Mana Ƙawanya a Misfala

A shekara ta biyu da fara yaƙin basasa a Najeriya, ni da maigidana muna zaune a Misfala, a saman wani gidan dutse, ɗaki biyu da rufin da nake shanya. Shekararmu goma sha bakwai ke nan a Makka. Ta ƙasa muka zo, ta Chadi da Sudan, kuma da za mu taso daga Kano muka bar ɗanmu na fari a hannun yayana, yana ɗan shekara tara, a kan baɗi za mu dawo. Ba mu koma ba. Waɗanda na haifa a hanya ba su tsaya ba. Shi kuwa ya girma ya shiga soja kamar ubansa, wanda ya yi yaƙin duniya a Bama ya dawo da igiya biyu da tari.

Ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba. Haka aka tashe mu: uwa ba ta ambaton ɗan fari, ba ta tambayar lafiyarsa, ba ta nuna ta san da zamansa a duniya. Ga shi sunan surukina aka sa masa, kunya ta zama biyu. Malam, maigidan nawa, ma bai fi ni ba. Idan wasiƙar yayana ta zo ana karanta mana, da an kai wurin da aka ambace shi sai in tashi in duba tukunya, ko babu wuta a ƙarƙashinta. Amma kunnena yana nan. A wasiƙar ƙarshe na ji an ce yana wani gari can Gabas, Owerri.

Wata safiya rediyon Malam ya ce 'yan tawaye sun yi wa sojojin da ke Owerri ƙawanya. Hanyoyi duk an datse, abinci sai dai jirgin sama ya jefa musu. Malam ya kashe rediyon. Ni ina tsince shinkafa, na ci gaba da tsincewa. Babu wanda ya kalli wani.

Bayan azahar na ji ƙarar jan abu a matakala. Na leƙa na tarar ya gangaro da durom ɗin ruwa ya tokare ƙofar waje, ya ɗora turmi a kai, ya ɗora akwatin ƙarfe a kan turmin.

Na ce, "Malam, lafiya?"

Ya ce, "Daga yau ba shiga ba fita."

"Wa ya biyo mu?"

"Ke dai ki kawo mini tsakin shinkafar nan."

Da tsakin da na tsince ya zana garin a kan rufi: ga barikin soja, ga hanyar da aka datse, ga kogi. Bai taɓa ganin Owerri ba, Bama ya sani, saboda haka ya sa wa garin duwatsu da giwaye. Ya ɗauko tsohuwar hularsa ta soja, wadda asu ya cinye rabinta, ya kafa. Bai ce don wa yake yi ba, ni ma ban tambaya ba, don amsar tana da suna.

A unguwarmu mace ba ta sauka sayen kayan miya. Kwando ake zurawa da igiya ta taga, mai talla ya zuba, a ja. Na ce to, ai ba mu mutu ba, ga kwando. Malam ya ce a'a. Duk abin da ya taso daga ƙasa ta hanya ya biyo, hanya kuwa tana hannun abokan gaba. Ruwa kaɗai ya yarda mai ruwa ya ɗaura mana a igiya, wai wannan rijiya ce. Abinci sai daga sama.

Maƙwabciyata ce ta zama jirgin. Haifaffiyar Makka ce, iyayenta Sakkwatawa, Hausarta rabi Larabci. Rufinta ya fi namu tsawo, lungu ne tsakaninmu. Kowace safiya sai ta hau da burodin tamis mai zafi ta ƙwala kira.

"Ya Baba Kofur! Ɗayyara ta iso, yalla, a buɗe baki!"

"Ki rage murya, Hajiya, za su harbo ki."

"Wallahi in sun harbo ni kanka zan faɗo."

Hannunta ba saiti. Cikin burodi uku, biyu a tsakar gidan wani Bayamane da ke ƙasanmu suke sauka, inda yake kiwon awaki. Awakin nan sun yi ƙiba a watan nan har mutumin ya fara ɗaga kai yana yi wa sama godiya. Na ce ta riƙa ɗaurewa da dutse. Malam ya hana. Ya ce rediyo ya faɗa, a can ma rabin abin da ake jefawa hannun 'yan tawaye yake faɗawa, ba za mu fi su gata ba. Ranar da ƙullin wake ya fashe a iska ya watsu a lungu, har murmushi ya yi, ya ce matuƙin nan sabon shiga ne.

Ya raba mana aiki. Shi gadin gabas, ni gadin yamma, wato tagar da ke kallon shagon mai gawayi. Idan zai yi sallah ni ke tsayawa da taɓarya, in ya idar ya karɓe ni. Muna jin kiran sallah daga Harami kamar a kunnenmu, mutumin da shekara goma sha bakwai jam'i bai wuce shi ba, ga shi yana yi a bayan durom. Abokansa na masallaci suka zo suka tsaya a lungu suna ba shi baki. Har umda, mai unguwarmu, ya zo da sandarsa, ya ɗaga kai ya tambaya da Larabci wa ya kewaye mu.

Malam ya ce, "Ba a gaya wa farar hula."

Umda ya dubi lungun, babu kowa sai kyanwa. Ya dube ni. Na ce masa maigida ne, gidansa ne. Ya tafi yana kaɗa kai.

Mutane sun ɗauka tsoronsa nake ji. Ban taɓa jin tsoron Malam ba, da hannu ɗaya zan iya ture shi da durom ɗinsa. Gaskiyar ita ce ni ma abincin ba ya wuce mini. Da in zauna gaban kwano cike in kasa ci, a tambaye ni dalili, gara a ce awaki ne suka cinye.

Muna kwana ashirin da wani abu a haka alhazai suka cika gari. Kowace shekara wani muɗawwif, mai kula da masaukin alhazan Najeriya, yana ɗaukata dafa tuwo a Arfa. Kuma duk duniya babu inda za a ji labarin gida sai a bakin alhazai, in sun watse sai wata shekara. Rediyo gari yake faɗa, ba ya faɗar mutum. Na yi kwana biyu ina juya abin, sannan na same shi a kan rufi yana matsar da giwa.

Na ce, "Malam, a Bama in an kewaye ku, zama kawai kuke yi? Ba ku tura ɗan leƙen asiri?"

Ya ɗago. "Ana turawa."

"Mu namu ina yake?"

Ya daɗe yana kallon tsakuwoyinsa. Can ya ce aikin yana da haɗari, kuma ba a ba mace, amma dakarunsa sun yi ƙaranci. Ya sauka da kansa ya janye durom daidai faɗin mutum ɗaya.

Ya ce, "Ki jiwo mini labarin ruwa. Ko an fara ruwan sama a can."

Na ce, "Zan jiwo."

Ya sara mini. Na ce ya sauke hannu, mutane na gani.

A Arfa kowa farin zane biyu ne, ba a gane sarki ba a gane bawa. Amma ni na zauna da soja. Ina rabon tuwo ina kallo, sai murfin tukunya ya suɓuce wa maƙwabciyata, wadda muke aikin tuwon tare, ya bugi dutse. Mutum ɗaya ya kwanta rub da ciki. Na ce wannan ne. Na kai masa kwano da kaina, na ƙara nama. Saje ne, an sallame shi saboda harbi a kafaɗa, kuma daga wajen da nake nufi ya fito.

Na tambaye shi ruwan sama. Na tambaye shi ko ana samun albasa. Sannan na ce, "Akwai 'yan Kano a cikin garin nan?"

"Da yawa, Hajiya."

"Akwai wani dogo?"

"Hajiya, rabin soja dogaye ne."

Ban ma san ko dogo ne ba. Ɗan shekara tara na sani. Na ce yana da giɓi a gaba, yana tsoron talotalo, ba ya cin kuɓewa.

Saje ya ce, "Inna, soja ne ko ɗan yaye? Ki faɗi suna mana."

Na juya wajen maƙwabciyata in ce ta faɗa, sai na tuna shekara goma muna tare ba ta taɓa jin sunan ba. Ta buɗe hannu ta ce, "Ana ma adri, ban sani ba, ni ko kina da ɗa ma yau na ji."

Rana ta karkata, mutane sun tashi tsaye suna addu'a, da faɗuwarta kowa zai hau mota. Na sunkuya kamar mai gyara wuta, na faɗa wa tukunya sunan. Saje ya ji. Ya ce bai san shi ba, amma akwai wani tsohon mai harba igwa a tanti na uku, shi ya san kowa.

Muka je. Mai igwa yana zaune yana jan carbi. Abin da Saje bai gaya mini ba, igwa ta kashe masa kunne.

Na faɗa a hankali. Ya ce, "Na'am?"

Na ƙara. Ya ce, "Goro? Ba ni da shi."

Saje ya ce, "Inna, sai kin ɗaga."

To, a filin Arfa, a ranar Arfa, gaban mutanen Kano da na Katsina da waɗansu Turkawa da ba ruwansu, na buɗe maƙogwaro na kira sunan ɗana na fari, wanda kuma sunan surukina ne, har sau uku. Wani tsoho a tantin kusa ya amsa. Wata mata ta ce amin.

Mai igwa ya fashe da dariya. "Mai kwakwa! Ai wannan ba ya ciki. Kwana biyu kafin a rufe hanya ya hau bishiyar kwakwa zai tsinko wa ofisa, ya faɗo ya karya ƙafa. A motar ƙarshe aka fita da shi. Yana asibiti a Legas yana cin shinkafa, ya fi mu duka. Ke wace ce tasa?"

Na ce maƙwabta muke da uwarsa.

Na koma na kwashe sauran tuwon. An ce ranar gishiri ya yi yawa.

Bayan kwanakin Mina na dawo Misfala. Malam ya janye durom, ya rame, hular ta yi masa yawa. Ya tsaya yana jiran rahoto. Na buɗe baki na ga ba zai yiwu ba. Abin da na yi a Arfa na yi shi gaban baƙi, ba zan maimaita gaban uban ba. Na ce masa ba a fara ruwa ba tukuna. Na hau rufi na kira maƙwabciyata, wadda tana tsaye a wurin aka yi komai, na ba ta labari da ƙarfi, wai wani alhaji ya ce wani yaron unguwarmu ta Kano, jikan wane, ya faɗo daga bishiya yana asibiti a Legas.

Ta ce, "La ilaha! Ajib! Ban taɓa ji ba."

Malam yana bayana. Na ji ya zauna a ƙasa. Sannan ya ce, "Soja. A bishiya. Mu a Bama biri muke sawa."

Na ce to a ɗauke durom. Ya ce sauran 'ya'yan mutane fa, su ba su da iyaye? Na ce suna da su, kowa ya tsare gidansa. Na ture durom ɗin da kaina na tafi kasuwa. Shi ya ƙi saukowa. Ya janye dakarunsa zuwa rufi, ya ci gaba da riƙe garin shi kaɗai kusan wata biyu, ana jefa masa burodi, ni ina cin tuwona a ƙasa.

Ranar da rediyo ya ce sojojin sun fasa ƙawanyar sun fice daga garin, ya sauko da hantsi, ya yi wanka, ya tafi Harami. Da ya dawo na ajiye masa abinci, ya cinye, ya nemi ƙari. Yana wanke hannu, bai kalle ni ba, ya ce, "Yaron nan na unguwarku. Ƙafar hagu ce ko ta dama?"

Wannan kam ban tambayi mai igwa ba. Sai da muka jira alhazan baɗi.