Shekarar da Maigidana Ya Samu Usur

Muna zaune a Kurfi lokacin da aka yi shelar ana neman 'yan sa-kai da za a koya wa taimakon gaggawa a Dutsin-Ma. Maigidana, malamin firamare da ko yankan kaza sai ya kira maƙwabci, shi ya fara ba da sunansa. Kullum da safe ya hau babur ya tafi, da la'asar ya dawo da sabon ilimi, mu kuma mu sha bayani har tuwo ya huce.

Da aka yaye su ya zo da usur, da riga mai ƙyalli, da bandeji. Ni ce majinyaciyarsa ta farko. Ina tsaka da tankaɗe zai ce in ɗauka hannuna ya karye, ya naɗe shi ya rataya mini a wuya, sannan ya ja da baya yana duba aikinsa. Ya sayo bokitai ya shafa musu jan fenti, ya cika da yashi ya jera a zaure saboda gobara. Inna, mahaifiyarsa, ta ce ita dai tun tasowarta tulu da addu'a ta sani, amma yashin yana da kyau, ta riƙa ɗiba tana goge tukwane.

Wata Asabar ya tara unguwa don gwaji. Ya haɗa gadon ɗaukar marar lafiya da gora biyu da buhuna, ya nemi wanda zai kwanta. Kowa ya kalli abin ya ga makara sak, aka yi ta sunkuyar da kai. Daga ƙarshe shi ya kwanta, yana ba da umarni daga kwance, samari suka zaga masallaci da shi. Wani tsoho da ke wucewa ya tsaya ya cire takalmi yana salati, sai da gawar ta ɗago ta gaishe shi. Bayan nan ya jera mu mata daga rijiya zuwa ƙofar gida, muna miƙa wa juna bokiti. Mun yi dariya har ruwan ya ƙare a zannuwanmu.

Bayan girbi, ranar kasuwar Dutsin-Ma, maza duk sun tafi, wuta ta kama rumfar girkin maƙwabciyarmu, ga karan dawa jingine a jikin katanga. Ina jin ihu na rasa abin yi, na tsaya riƙe da ludayi. Sai na ji usur. Inna ce a bakin zaure, kumatu cike da iska.

"Ku jeru yadda yaron nan ya nuna muku," in ji ta, sannan ta dube ni. "Ke, janye karan nan tukuna."

Muka jeru. Ba wadda ta yi dariya. Bokiti na zuwa, bokiti na komawa, maƙwabciyar ta fitar da 'ya'yanta waje ta ƙirga su kamar yadda maigidana ya koya mana. Rumfar ta tafi, amma ɗakuna da rumbu suka tsira.

Da yamma maigidana ya dawo da buhun gishiri a bayan babur, ya tarar da toka da mata jiƙe sharkaf. Ya zaga wurin a hankali, hannu a baya. Na ga idonsa ya yi ja, ya ce hayaƙi ne, alhali hayaƙi ya daɗe da ɗaukewa. Ya tambayi ta wane gefe muka tsaya, da aka faɗa masa ya ce an yi kuskure, ba a tsayawa inda iska ke kaɗo wuta.

"To Malam," na ce, "in za a sake, ka gaya wa wutar ta bari sai ranar da ba kasuwa."

Washegari ya tara samari suka yi wa maƙwabciyar sabuwar rumfa, nesa da katanga.