Laifin da Muka Ɗora wa Ɗan Kwikwiyo

Ban taɓa kai hannuna jikin kare ba sai da na haura shekara arba'in. A zangon Kumasi inda na tashi, in kare ya leƙo zauren gidanmu da dutse ake yi masa maraba. Sai ga ni a New York, inda na zo neman na kaina, an miƙo mini ɗaya a cikin kwali an ce in koya masa inda ake fitsari.

Aikina kula da tsofaffi ne a gidajensu. A lokacin ina wurin wata tsohuwa baƙar fata 'yar Amurka, a hawa na shida na wani tsohon bene a titin Grand Concourse. Mama nake ce mata, ba ta kuma taɓa hana ni ba. Malamar firamare ce a da, kuma tsufa bai hana bakinta gyara wa mutane magana ba. Turancina ya ji jiki a hannunta. Ba ta fitowa falo sai da jan baki da 'yan kunne, ko da ni kaɗai ce zan gan ta. Ina zuwa ƙarfe takwas in tashi ƙarfe biyar, daga nan ita kaɗai take kwana.

'Yarta ɗaya ce, tana aure a wani gari, ranar Asabar take zuwa. Ba muguwa ba ce, gajiya ce ta yi mata yawa. Ranar da na fara aiki ta ja ni kicin ta ce, "Muddin uwata tana kai kanta banɗaki, za ta zauna a gidanta. Ranar da ta kasa, ba zan iya barin ta ita kaɗai ba, sai gidan tsofaffi." Mama tana falo, kuma kunnenta ras yake. A gidan nan ta yi aure, a nan ta yi takaba. Ta sha gaya mini cewa gawarta ce kawai za ta sauka a wannan lif ɗin ba ta dawo ba.

'Yar ce ta kawo ɗan kwikwiyon da sanyi ya fara shigowa, wai likita ya ce zai ɗebe wa tsohuwa kewa. Ɗan mitsitsi ne, ja-ja, kunnuwansa sun fi ƙarfin kansa. Kafin a gama buɗe kwalin ya tsula fitsari a kan kafet, ya waiwayo yana kaɗa jela kamar ya yi abin kirki. Shi ma aka kafa masa sharaɗi: in bai koyi fita waje ba kafin ƙarshen sanyi, za a mayar da shi gidan da ake tara dabbobi marasa masu su.

Na yi niyyar in ce a sake mini gida. Abin da ya hana ni dariyar Mama ce. Wata bakwai ina gidan ban san tana da wushirya ba sai ranar da ɗan banzan nan ya ja silifas ɗinta ya shige ƙarƙashin kujera.

Saboda haka na shiga wahala da ƙafata. Na riƙa zuwa da kaya kashi biyu, na aiki da na salla, na sallar a ƙulle cikin leda a kan firji. In azahar ta yi in shiga ƙaramin ɗaki in rufe ƙofa, shi kuma yana bakin ƙofar yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Ranar da ya lashe mini idon sawu na wanke wurin har fatar ta yi fari. 'Yar ta kawo keji, da igiya, da wasu takardu masu shan ruwa da ake shimfiɗa wa kare, da littafi guda mai hotuna. Takardun yayyaga su yake yi. Littafin kuwa ban wuce shafi na uku ba, na ce ni da na yaye 'ya'ya huɗu ba littafi ne zai koya mini fitsarin jariri ba.

Yadda uwata ta yi mana, yadda na yi wa nawa, haka na yi masa. A gida, da yaro ya tashi daga barci ko ya gama shan nono, sai ki ɗora shi a kan ƙafafunki ki yi masa "sss, sss" har ya yi. Kullum lokaci ɗaya, kullum wuri ɗaya. To shi ma da ya farka, da ya ci, da ya gama wasa, sai in sunkuce shi a cikin tsohon tawul mu sauka hawa shida. Lif ɗin ya fi kwana a lalace. Akwai wata bishiya a bakin titi da ɗan fili na ƙasa a gindinta, nan nake dire shi in tsuguna, babbar mace da lulluɓi, ina yi wa kare "sss, sss" dusar ƙanƙara tana sauka a bayana. In ya yi kashi in sa hannu a leda in kwashe, don doka ce. Wani Banijare mai shago a kusa yakan leƙo ya gaishe ni da Faransancinsu, ya ce, "Madam, sa ba? Ya jariri?" Ban taɓa amsa masa ba, kuma har yau ban yafe masa dariyar nan ba.

Sati uku ya ɗauka. Wata safiya ina wanke-wanke na ji ana karce ƙofar fita. Na leƙa, ga shi zaune yana kallon igiyarsa yana kallona. Wallahi daɗin da na ji ya ba ni kunya. Na ce masa da Hausa, "Ashe kana da hankali, ɗan nema." Daga ranar bai ƙara ɓata gidan ba. Da yamma kafin in tafi nakan fitar da shi, in sa shi a keji in rufe, da safe in same shi a bushe, yana matse da abinsa yana jira na.

Kwana kaɗan bayan haka na shigo da safe na tarar da danshi a kafet, tsakanin gadon Mama da ƙofar banɗaki. Na duba keji, sakatar tana nan yadda na bar ta. Na tsuguna na sansana. Wadda ta yi sati uku tana goge fitsarin kare ta san warinsa, wannan ba shi ba ne. A banɗaki, bayan bokiti, na ga rigar barcinta a dunƙule cikin leda.

Mama tana zaune a bakin gado, ta riga ta sa jan baki. Ta dube ni ido cikin ido ta ce, "Kin ga abin da ɗan iskan nan ya yi?"

Na ce, "Na gani, Mama. Shi ne."

Ban yi wani dogon tunani ba, bakina ne ya faɗi abin da aka koya masa. Kakata ta wajen uwa ta kai wannan matakin kafin ta rasu. In uwata ta shiga ɗakinta da safe ta ga tabarma a jiƙe, sai ta sa ƙafa ta ture buta, ruwan ya malale a kai, ta ɗaga murya ta ce, "Wa ya ajiye buta a hanya?" Mu yara mu sha faɗa, a fitar da tabarma rana, kaka ta gyara ɗankwalinta ta karya kumallo da mutuncinta. Shekara biyu ana ture butar nan, babu wanda ya taɓa furta komai. Haka na san ana yi wa babba. A gidan Mama babu buta a hanya, akwai kare.

Abin ya zama kusan kullum. In zo da safe in goge, in wanke riga, in shanya a inda 'yar ba za ta gani ba. Kamfanin da ya ɗauke ni aiki yana da takarda da muke cikewa duk sati, akwai layin da ake tambaya ko an ga canji wajen fitsari ko bayan gida. Na riƙa sa alama a kan babu.

Na gaya wa mutum ɗaya, Hajiyar da nake haya a gidanta a unguwar University Heights, wadda ta riga ni wannan aikin da shekara goma sha wani abu. Tana tuƙa tuwo ta saki muciya ta ce, "Ei! Ke, ki kira nas ɗin kamfaninku gobe-goben nan, ki yi rifot. Nan ba Kumasi ba ne."

Na ce, "Hajiya, uwar wani zan tona wa asiri a takarda? A kwashe ta a kai gidan tsofaffi da hannuna?"

Ta ce, "Ba hannunki ba ne, aikinki ne. In abu ya faru ke za su tambaya."

Na ji haushinta sosai. A raina na ce Amurka ta cinye mata kunya. Na kwana biyu ba na cin tuwonta.

Wari ba ya ɓoyuwa a gidan da hita mai ɗumama ɗaki ke aiki dare da rana kuma tagogi a rufe. Wata Asabar 'yar ta roƙe ni in zo, ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa tana toshe hanci. Ta taka kafet ta ji danshi. Ta ce, "Har yanzu?" Mama ta ce, "Har yanzu. Ba ya ji." Suka juyo gare ni su biyu. Ni kuma, don maganar ta zauna, na naɗe jarida na kama shi ta wuya na kai hancinsa wurin, na maka masa sau biyu. Bai yi ƙara sosai ba. Ya dai kwanta ya ɗaga ido yana kallona, ni da nake yi masa "sss" a gindin bishiya.

Na ɓata aikina da hannuna. Daga ranar ya rikice. Ya daina karce ƙofa. In ya matsu sai ya lallaɓa bayan kujera ya yi a ɓoye, ya fito yana rawar jiki. In na kai shi gindin bishiyar ya ƙi yi a gabana, don ya fahimci fitsari a gabana duka yake jawowa. Ƙaryar da muka yi masa ta zama gaskiya, har na rasa wanne ne nasa wanne ne nata.

Ba a jira ƙarshen sanyi ba. Asabar ta biyu ma ina gidan, 'yar ta zo da kwalin nan. Na buɗe baki zan yi magana, na dubi Mama. Tana zaune a miƙe, hannayenta a kan cinya, ta kafa wa bango ido. Kalma ɗaya daga gare ni ko daga gare ta ta isa a bar shi, amma kalmar ita ce za ta fitar da Mama daga gidan. Ni na ɗauko igiyarsa da kwanonsa na sa a leda. Da aka rufe ƙofa Mama ta ce in kashe talabijin, ba ta kuma ci abincin rana ba.

Ranar Litinin kafet a jiƙe, kuma babu wanda za a ce shi ne. Na goge. Ranar Alhamis na same ta jikinta kamar garwashi, tana kira na da sunan ƙanwarta da ta rasu tuntuni. Na kira motar asibiti.

Likitar da ta duba ta yarinya ce, ba ta fi 'yata ta fari ba. Ta ce ciwon mafitsara ne da aka bari har ya hau ƙoda, shi ne yake sa tsofaffi su kasa riƙe fitsari. Ta ce da an zo da wuri, ƙwayoyin 'yan kwanaki ne. Sannan ta tambaye ni tun yaushe abin ya fara. 'Yar tana tsaye a gefena. Na ce wata biyu.

'Yar ba ta yi mini ihu ba, na so a ce ta yi. Ta ce, "Wata biyu. Kuma kika bar ni na ɗauke mata karenta." Na so in yi mata bayanin buta da tabarma, na rasa Turancin da zai ɗauke shi. Kamfanin ya ɗauke ni daga gidan, aka sa ni na zauna gaban wata mata tana nuna mini takarduna ɗaya bayan ɗaya, kowace da alamata a kan babu. Hajiya ba ta ce ai na gaya miki ba. Tuwo ta zuba mini ta tura gabana.

Mama ta yi kusan wata a asibiti, ƙafafunta suka saki. Daga can gidan tsofaffi aka wuce da ita, ba ta ƙara ganin falonta ba. Sau ɗaya na je duba ta, a ɗaki mai gado biyu. Babu jan baki, babu 'yan kunne. Ina zaune wata ma'aikaciya ta shigo ta ce da ƙarfi, a gabana da gaban baƙin ɗaya gadon, lokacin canja mata ƙunzugu ya yi. Mama ta rufe ido. Na fita na tsaya a baranda ina jin kamar in shaƙe yarinyar, alhali na san ba ita ta kawo ta nan ba.

Da na koma ɗakin Mama ta kama hannuna. Na zaci za ta yi mini faɗa, ko ta gyara mini Turanci. Sai ta ce, "Ki gaya wa duk wanda ya ɗauke shi cewa ya iya. Tun tuni ya iya. Kada su doke shi. Su dai yi masa wannan abin da kike yi da baki."

Na ce, "To, Mama, zan gaya musu."

Ban san wanda ya ɗauke shi ba, ban ma san ko an ɗauke shi ba. Na kira 'yar sau biyu in tambaye ta inda ta kai shi, ba ta ɗaga ba. Saƙon Mama yana wurina har yau.