Wanda Ke Riƙe Bakin Tiyo

Shekara shida ke nan da muka kai Marta makwancinta a Kagoro, amma har yau in jirgin ƙasa ya wuce ta bayan gidanmu a Kafanchan, sai idona ya koma kan tebur. Marta matata ce, uwar 'yarmu tilo, Hannatu. Wata Sista a asibitin mishan ta koya mata haɗa ruwan inabi, ko da yake ba inabi ko ɗaya a ciki. Abarba ce da citta da sukari, a rufe a tulu har ya nuna. Fada na cocinmu ya sani, ya ma sha.

Wahalar ba a haɗawa take ba, a juyewa take. In ya nuna, wata laka takan kwanta a gindin tulun, kuma in ta tashi, aikin wata da watanni ya zama kunu. Don haka ba a karkata tulun. Ana ɗora shi a tebur, a jera kwalabe a ƙasa, a ja ruwan da siririn tiyo. Marta ke tsayawa ta riƙe bakin tiyon a cikin tulu, ɗan sama da lakar. Ni kuwa ina kan kujera 'yar tsugunno, in zuƙa har ruwan ya taho, in sa a kwalba. Gidanmu na dab da layin dogo, jirgi na girgiza komai, shi ya sa sai ya wuce, laka ta sake kwanciya, sannan mu fara. "Tica, kada ka yi tari," in ji ta. Ni da nake tsawata wa aji guda, haka zan zauna shiru kamar ɗan firamare, ita kuma tana ba ni labarin unguwa a hankali har kwalabe su cika.

Tana kwance a asibiti ta sa na yi alkawari cewa ranar auren Hannatu ba za a ba baƙi na kanti ba, irin nata za a sha. Na amsa da sauri, don a lokacin ko farin wata ta ce in ɗauko mata daga sama zan ce to.

Tun daga nan kowace shekara nake gwadawa, kowace shekara nake zubarwa. Mutum ɗaya ba ya riƙe sama ya riƙe ƙasa. In na sunkuya wajen kwalba, tiyon ya nutse cikin laka. In na miƙe, ya fice daga ruwan. Maƙwabta sun ce su taya ni, na ƙi, don ban ga wanda zan yarda ya tsaya a wurin nan ba. Jiragen ma sun canza. Masu gawayin da take ganewa tun daga nesa suna ƙarewa, na yanzu ba sa zuwa kan lokaci. Nakan tambayi kaina me za ta ce. Ina jin tsaki kawai za ta ja, ta ce a jira.

Bana aka sa ranar auren Hannatu, bayan Kirsimeti. Tulun ƙarshe na kan tebur, ba sauran lokacin haɗa wani, kuma tsoro ya hana ni taɓa shi. A haka Ladi, ƙanwar Marta, ta zo daga Kagoro shirin biki, ta same ni tsaye da tiyo a hannu.

"Kai, mijina, gadin tulu kake yi?" Da na faɗa mata damuwata sai ta kama dariya. Ta fita ta karyo karan dawa, ta ɗaure tiyon a jikinsa da zare, ta bar karan ya ɗara bakin tiyon da yatsa biyu. Ta zura shi a hankali har ya taɓa gindin tulu, ya tsaya da kansa.

Na ce, "Ina kika koyi wannan?"

"Wajen Sista mana, rana ɗaya da Yaya. Ai aikin mutum ɗaya ne."

"To me ya sa take kirana?"

Dariyar ta tsaya. Ta ce, "Daga makaranta sai coci, daga coci sai wajen dara. In ba haka ba, yaushe za ka zauna?" Ta ɗauki kwandonta ta tafi kasuwa.

Masu karatu, na yi shekara shida ina cewa abin da Marta ta bar mini shi ne alkawari. Ashe ta bar mini yinin nan duka da ta zaunar da ni kusa da ita, ban ko san ana ba ni ba. Ina kewarta, kuma yanzu kewar ta fi ta da.

Na jira jirgin rana ya wuce, laka ta kwanta. Na zauna a kujerata, na zuƙa, ruwan ya taho garau kamar nata, Hannatu za ta sami abin ba baƙinta. Da kwalbar ƙarshe ta kusa cika, na ɗaga kai in tambaya ko in tsaya, kamar yadda na saba. Kara ne a tsaye a wurin.